Ranar da Rediyona Ya Tona Asirin Inna

Duk abin da zan manta a rayuwata, ban da yammacin da muryar mahaifiyata ta fito daga rediyon zauren gidanmu a Kazaure.

Lokacin ina sakandare, zamanin da kuɗin fetur suka fara shigowa, kowa na sayen ƙaramin rediyo yana yar da tsohon mai kwalabe. Kawuna na Ɓaɓura ya ba ni nasa da ya mutu. Ni kuwa yaro ne marar magana, sai karatu. Na ga zane a wani littafin makaranta na yadda ake haɗa na'urar aika murya, na ƙudura sai na yi. Na ciro kwalaben nan masu ja kamar garwashi in sun yi zafi, na naɗa siririyar waya a jikin gora, ina gasa ƙusa a wuta ina narka dalma. Abin magana daga tsohon tarho na cire shi, eriya kuma na ɗaure ta a darbejiyar tsakar gida. Hutun nan gaba ɗaya a kanta ya ƙare.

Ni ne ɗan fari. A gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan farinta, ba ta yabonsa, ko kallonsa ba ta cika yi a gaban mutane ba. Inna 'yar Roni ce, ta riƙe wannan kunya da gaske. "Kai" take ce mini, ko "yaron nan".

Ranar gwaji, bayan la'asar, kunya ta hana ni yin magana da bakina. Sai na ajiye agogo a gaban na'urar, na bar ta a kunne, na tafi zaure inda Baba da kakana da abokansu ke jiran labarai. Na roƙi izini na murɗa rediyon. Ƙarar agogo ta fito tar, dattawa suka matso.

Sai muka ji ta cikin rediyon an turo ƙofar ɗakina, inda na'urar take. Inna ce da ƙanwarta, sun kawo mini fura. Ƙanwar ta tambayi mene ne wannan tarkacen. Inna ta kama sunana, cikakke, ta ce, "Kar ki taɓa masa. Duba yadda ya jera komai. Wallahi in yana aikin nan ta taga nake leƙensa, har tuwo ya taɓa kama mini."

Baba ya miƙa hannu ya kashe rediyon. Wani abokinsa ya danne dariya da hannun riga. Kakana, surukinta, ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Na rasa inda zan sa fuskata.

Kafin magariba labari ya gama unguwa. Mata suka yi ta tsokanarta a gidan biki da bakin rijiya, ta daɗe ba ta iya zuwa gaida kakana sai da rakiya. Ba ta yi mini faɗa ba. Abin da ta ce kawai, tana kallon bango: "Kai, abin nan naka ko sallama bai iya ba?"

Abin da ya fi ba ni kunya har yau shi ne na ji daɗi, domin ban sake jin sunana a bakinta ba har ta rasu. Na auna kowace waya, amma ban tuna akwai mutane a gidan ba. Tun daga ranar, ba na kunna abin da ke ɗaukar murya sai na sanar da duk wanda ke kusa.