Ɗinki Uku na Jan Zare

Ƙarfe bakwai na safe yake buɗe shagonsa, kullum in ban da Juma'a. Ya share bakin ƙofa, ya yayyafa ruwa, ya ɗaure hanci da tsohon ƙyalle, sannan ya sauko da bakan shiɓa daga jikin ƙusa. Kafin mai sayar da ful, dafaffen waken karin kumallo, ya gama sallamar mutanen farko, ƙarar tsirkiyarsa ta cika lungunmu na bayan tashar jirgin ƙasa ta garin Tanta. Usta Dasuƙi ke nan, mai gyaran katifa. Shekara arba'in da ɗaya yana farke tsofaffin katifunmu, ya shiɓe audugar ta tashi, ya mayar ya ɗinke. Ƙarshen watan nan zai rufe shagon. Ƙurar auduga ta cinye masa ƙirji, mutane kuma sun koma katifar soso.

Sunana Rabab. Ba ni da yawan magana, in baƙo ya shigo ma kicin nake gudu. Amma ina da kallo. Daga barandarmu ta hawa na huɗu babu abin da ke wuce ni a lungun nan. Kuma gaskiya, na daɗe ban yarda da mutumin nan ba.

Ba ni kaɗai ba ce. Wa kuma yake shiga ɗakin kwanan kowa in ba shi ba? Ya san wanda ke ɓoye zobe a matashi, ya san wanda ke fitsarin kwance. Maƙwabciyarmu Sitt Zakiyya takan ce, "Wannan da kuke gani, idonsa ya fi basillarsa tsini." Wasu su ce ɗan rahoton 'yan sanda ne. Ba wanda ya taɓa kama shi da komai, amma ana kulle kabad in zai zo.

Babana, Ustaz Fikri, ya fi kowa zargi. Magatakarda ne a tashar jirgi har ya yi ritaya, kuma bai taɓa yarda takardun gidanmu su kwana wuri ɗaya ba. Ko Mama ba ta san inda suke ba. In ta tambaya sai ya ce, "Me za ki yi da su? Ina raye." Abin da ya ɗaure min kai, duk shekara biyu in Usta ya zo gyara kafin sanyi, Baba sai ya kore mu, su kulle ƙofa su biyu. Nakan jiyo musu ƙasa-ƙasa. Sau ɗaya na tsinci muryar Usta yana cewa, "To in ka faɗi fa, Ustaz?" Baba ya ce, "Yi ɗinkinka, malam."

Bayan ya tafi sai na ga abin. A gefen katifar Baba, ta wajen bango, ɗinki uku ƙanana na jan zare, a jere. Sauran ɗinkin duk fari ne. Na duba matashin kujerar falo, akwai. Bargon audugar Mama, akwai. Na riƙe abin a rai.

Shekara uku ke nan, wata biyu bayan zuwan Usta na ƙarshe, Baba ya faɗi a banɗaki. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Muna cikin wannan, mai gidan da muke haya ya rasu, ɗansa Bayyumi ya gaje shi. Bai yi sati uku ba ya aiko lauya: wai shi bai ga wata yarjejeniyar haya tsakanin mahaifinsa da Baba ba, saboda haka mu kawo tamu gaban alƙali ko mu fita. Gidan da aka haife ni. Da mara lafiya a kwance, ina za mu?

Muka birkice gidan. Kabad, akwatuna, tsakanin littattafai, bayan hotuna, gwangwanin shinkafa. Muka ɗaga katifu muka lalube su, ba mu ji komai ba. Mama ta ja min kunne: "Kada ki kuskura wani ya ji ba mu ga takardar nan ba. In ta kai kunnen Bayyumi, mun kaɗe." Don haka ba mu tambayi kowa ba. In Sitt Zakiyya ta leƙo, Mama ta ce shara muke yi.

Shi kuwa Baba, duk lokacin da muka ambaci takardar, sai ya hau dukan katifa da hannun hagu, yana gurnani, hawaye na zuba. Muka ɗauka kwanciyar ce ta dame shi, muka dinga juya shi.

Sai ga shi wata safiya daga baranda na hango Usta a ƙofar Bayyumi. 'Yar Bayyumi za ta yi aure, an baza katifun amarya a titi kamar yadda ake yi, ana kiɗa. Amma ni ba katifun na kalla ba. Na ga Bayyumi ya ja shi gefe, ya dafa kafaɗarsa, ya miƙa masa shayi da hannunsa. Suka daɗe suna magana. Kwana uku a jere ina ganin haka.

A rana ta ukun na kama hannun Mama, na kai ta bayan gadon Baba, na nuna mata jan zaren.

Ta yi salati. "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun zuwansa."

"Shi ya sa! Shi ya sa bawan Allah yake dukanta. Asiri aka ɗinke masa a ciki. Ya sace takardar ya kai wa Bayyumi, ya bar mana wannan."

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Amma ni na nuna, kuma na ji daɗi da aka ce na gano.

Washegari mai sayen tsofaffin kaya ya ratso lungu da amalankensa, Mama ta kira shi. Muka mayar da Baba kan gadona. Da ya ga ana naɗe katifarsa, ya yi wani irin kuka da ban taɓa ji daga bakin babba ba. Ya riƙe gefenta da hannun hagu, sai da na ɓamɓare yatsunsa ɗaya-ɗaya. Mama tana hawaye tana cewa, "Kin gani ko, abin ba ya son rabuwa da shi." Aka sauka da ita. Saura kwana shida a shiga kotu.

Abin da ba mu yi tunani ba, masu sayen tsofaffin kaya ba su da inda suke kai tsohuwar auduga sai wurin mai gyaran katifa.

Bayan la'asar muka ji tari a matakala, ana hawa ana tsayawa. Na leƙa. Usta ne, katifar a kansa, tsoho mai shekara sittin da wani abu, hawa huɗu. Ya jingina ta da bango yana haki.

Mama ta tare ƙofa. "Me ka dawo yi? Bayyumi ne ya aiko ka ka ga ko mun mutu?"

Ya ce, "Ummu Rabab, bari in sami numfashi tukuna, sai ki zage ni ina zaune."

"Ba ka da kunya, ɗan rahoto."

"Na ji. Wa ya sayar da katifar nan?"

"Ni. Da abin da ka ɗinke a ciki."

Ya dube ta, ya dube ni. Na sunkuyar da kai. Ya zaro almakashi daga aljihu ya miƙa mata ta wajen mariƙi. "Ban buɗe ba, duba ɗinkin da kyau. Ke za ki farke, da hannunki, don kada gobe a ce ni na saka."

Ta farke inda jan zaren yake. Ya ce ta zura hannu har gwiwar hannu. Can tsakiyar audugar ta jawo wani ƙyalle a naɗe. A ciki, takarda ce da ta yi ruwan ƙasa, da sa hannun Baba da na mahaifin Bayyumi, da hatimi. Daga ɗakina muka ji Baba ya saki wata ajiyar zuciya.

Usta ya ce, "Shekara ashirin ina ce masa ya tara su wuri ɗaya, ya gaya miki. Ya sa na rantse ba zan faɗa ba. Jan zaren kuwa nawa ne, don kada basilla ta huda takarda, kuma in mayar da kowace inda na same ta. Da kun gaya wa mutane abin da kuke nema, da tuni na zo na karya rantsuwar, in yi kaffara."

Mama ba ta sauko ba tukuna. "To shayin Bayyumi fa?"

"Shayi ne, na sha. Sukari ma bai ji ba."

Daga baya Amm Hilal mai shayi, wanda ya kai musu tiren, ya ba da labari a gaban mutane. Wai Bayyumi ya tambaye shi ko ya taɓa cin karo da wata takarda a katifun Ustaz Fikri, ya kuma yi masa alkawarin shago babba a bakin titi. Usta ya ce, "Ni auduga nake gani, ranka ya daɗe. Karatu ma ban iya sosai ba." Kwana uku yana tambaya, kwana uku amsar ɗaya. Usta ya ɗauka fafutukar Bayyumi ce kawai, bai san mu ma nema muke ba.

Ranar da ya dawo da katifar muka bi jan zare ɗaki-ɗaki. Takardar auren Mama a matashin falo. Ta haihuwata a bargo. Ta fanshon Baba da tsofaffin takardun likitansa a wani matashin. Usta ya zauna a ƙasa ya yanki ƙyallen katifa mai kauri, ya ɗinka jaka mai aljihu huɗu: na gida, na haihuwa da aure, na asibiti, na aiki da makaranta. Ya sa na rubuta abin da ke cikin kowane aljihu a takarda guda, da lambar likita da ta kawuna. Ya ce, "Wuri ɗaya, kuma mutum biyu su sani. Ba ɗaya ba, 'yata. Biyu."

Lauyan Bayyumi ya ga takardar, ya janye ƙara. Har yau muna hawa na huɗu.

Kai ne, Usta, ka hau benen nan da kaya a ka, zuwa gidan da aka kira ka ɓarawo da matsafi. Kai ne ka san asirin kowane ɗaki a lungun nan shekara arba'in, ba a taɓa jin ko ɗaya a wurin mai shayi ba. Mai jan zare, mai mayar da abu inda ya same shi. Bayan tamu ka ɗinka irin jakar nan wa gidaje fiye da talatin, daga ragowar ƙyalle. Sitt Zakiyya da kanta ta karɓi tata. Ranar da jikarta ta ƙone da ruwan zafi, jakar kawai ta sura ta yi asibiti. Duk da haka ta ce min, "Ni dai har yanzu ban san me yake samu a ciki ba." Mama ma, in ka zo gaishe da Baba ka tafi, sai ta buɗe jakar ta duba. Na gaya maka, ka yi dariya har tari ya sarƙe ka, ka ce haka ya kamata.

Ku da kuke karanta wannan, ku tashi yau ku tattaro takardunku daga ƙarƙashin shimfiɗa da cikin gwangwani. Ku haɗa su wuri ɗaya, ku nuna wa mutum na biyu, tun bakinku yana iya faɗa. Masu sana'ar shiga gidajen mutane kuma, ku dubi tsohon nan ku koyi riƙon abin da ido ya gani.

Usta, sau uku ina zuwa bakin shagonka da niyyar magana, in gaishe ka kawai in wuce. To ga ta a rubuce. Ba Mama ce ta fara ba. Ni na ga ɗinkin, ni na nuna, ni na ɓamɓare yatsun Baba daga katifar. Ka yafe min. Mun gode, Usta Dasuƙi, Allah ya ba ƙirjinka sauƙi.

Baba yana kan katifar nan har yanzu, ka ɗinke ta da farin zare. Ya daina dukanta. Babu komai a cikinta sai auduga.