Inna Kalmasa da Yadin Mutum Ɗaya

Kafin mai gadi ya buɗe ƙofar makaranta, Inna Kalmasa ta riga ta buɗe tata. Shagon ɗinkinta da makarantar suna kallon juna ne ido da ido, titi kawai ya raba su. Takan share gaban shagon, ta yayyafa ruwa, ta fito da dogon bencin nan mai gurguwar ƙafa ta tokare shi da bulo, sannan ta ɗiga wa keken ɗinkinta mai tana yi masa magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin tsohon miji. Daga nan sai ta zauna ta fuskanci titi. Yara suna wucewa suna gaishe ta tana amsawa, amma idonta ba ya kan fuskokinsu. Yana kan bakin wando da bakin siket.

"Kai, mai jar jaka, zo nan. Rafi za ka tsallake ne da wandonka ya haye ƙwauri? Ka kawo mini shi in an tashi."

Shekara talatin da ɗoriya ke nan tana wannan zama. Sunanta na yanka ya ɓace a bakin mutane tun tuni, sana'arta ta raɗa mata wani. Duk kayan makarantar da ya fito daga hannunta sai ka tarar da kalmasa mai faɗin tafin hannu a ƙasansa, yadi ne ta naɗe ta ɓoye domin baɗi. Yaro ya yi tsawo, ta warware kaɗan. Ya ƙara, ta ƙara saki. In kalmasa ta ƙare kuma yadin ya koɗe, sai ta yi abin da take kira juyi: ta farke rigar gaba ɗaya, ta mayar da ciki waje, inda rana ba ta ci launin ba, ta sake ɗinkewa ta goge. Wanda bai sani ba sai ya rantse daga kanti aka sayo.

'Yan'uwanta teloli sun sha yi mata tsiya. "Inna, ke ce kike kashe mana kasuwa. Riga ɗaya shekara uku?"

"Yaro ne ke girma," in ji ta, "aljihun ubansa ba ya girma tare da shi."

A ƙarshen watan nan za ta sauka daga kan keken ta bar wa surukarta, don ido ya fara gardama, zare ya daina samun kafar allura sai da ɗan jagora. Shi ya sa na ga bai kamata ta tashi shiru ba. Ni ma cikin iyayen da suka mori kalmasarta nake. Alheran da ta yi suna da yawa, amma ɗaya zan faɗa, na shekarar da aka yi ta ce-ce-ku-ce a kan sanya haraji a kuɗin makarantun kuɗi.

A shekarar, duk inda mutum biyu suka tsaya maganar ke nan. Bencin Inna kuwa ya zama majalisa. Masu riƙe da kan gardamar su biyu ne: ƙanenta, wanda malami ne a makarantar gwamnati, da wani bakanike mai gareji a ƙarshen layi, uban tagwaye mata da ke karatu a makarantar da ke gaban shagon.

"Makarantar kuɗi kasuwa ce," in ji malamin. "Mai kanti yana biyan haraji, kai ma kana biya. Don me su za a ƙyale su? Zo ajina ka gani, yara a ƙasa, rufi yana yoyo. A karɓa a wurin mai hali a gyara wa mara hali."

"Malam, ni ne mai halin?" Bakanike ya buɗe masa tafukan hannunsa baƙi ƙirin da mai. "A wurin mai makaranta za a ce an karɓa, amma a wuyana zai sauka. Ba alfahari ya kai 'ya'yana can ba. Yoyon nan da kake faɗa shi na guje wa."

"To in kowa ya gudu, wa zai tsaya a gyara?"

"Ku gyara, gobe in dawo da su da ƙafata."

Haka za su yi ta yi har shayin malamin ya huce. Inna tana jin su da fil a baki, ba ta sa musu baki. A ranta tana ganin kowannensu da gaskiyarsa, don nata 'ya'yan a ajin mai yoyon suka yi karatu, abincinta kuma daga makarantar kuɗin yake fitowa. In suka matsa mata ta raba gardama, sai ta ce ita awon mutum ta iya, ba ta iya awon gwamnati ba.

Ana cikin haka, wata rana da hantsi, matar bakanike ta shigo ita kaɗai da ƙunshi a hammata. Tagwayenta za su shiga ɓangaren sakandare a zango mai zuwa, can kuma kayan daban ne, kowace sai ta yi sababbi kala biyu da na wasanni. Inna ta warware yadin a kan tebur, ta bi shi da hannu sau ɗaya, ba ta ko ɗauki tef ɗin awo ba.

"Wannan ai yadin mutum ɗaya ne, 'yar nan."

Matar ta sunkuyar da kai. "Shi ne, Inna."

"Na ɗayar fa?"

Sai hawaye. Ruwa dai ba ya tsami banza. Da ƙyar ta iya bayani: an riga an sanar da iyaye cewa in harajin ya tabbata za a ɗora shi a kan kuɗin zango. Maigidan ya juya ya juya, ya ga da ƙarin da kuma sababbin kayan mutum biyu, ba zai iya ɗauka ba. Ɗaya za ta ci gaba, ɗaya za a cire. Yaran ba su sani ba. Su da ko ruwa ɗaya ba ta sha sai ta rage wa 'yar'uwarta.

"Mun kwana biyu ba ma kallon juna ni da babansu," in ji ta. "Inna, yaya uwa za ta zaɓa?" Ta matso ta raɗa mata sunan wadda aka yanke za a cire, kamar mai sauke dutse daga ƙirji.

Inna ta naɗe yadin ta ɗora a saman kantar shagon, ba ta sa masa almakashi ba. Ta ce wa matar ta je, aiki ya yi mata yawa, ba za ta taɓa shi ba sai nan gaba. Ƙarya ce, kuma duk su biyun sun sani.

Ana wata ga wata. A cikin makon sai ga mai makarantar da kanta ta tsallako titi. Kada mai karatu ya zana ta da ƙaho. Tsohuwar malama ce da ta fara da aji biyu a gidan haya, kuma a lokacin gaba kura ce baya sayaki a wurinta: in ta ƙara kuɗi yara su ragu, in yara suka ragu ta rasa albashin malamai. Ta zauna a bencin ta faɗi dabarar da aka ba ta. Za a sauya launin kayan makarantar gaba ɗaya, kowane yaro ya sayi sabo, kuma a ofis kaɗai za a sayar. Ribar ita za ta toshe ramin waɗanda za su tafi.

"Ɗinkin duka naki ne, Inna. Ki ɗauki yara su taya ki. Keken lantarkin nan da kike ta buri, kafin zango ya ƙare kin saya."

Zan faɗi gaskiya, don jinjinar da ba gaskiya a cikinta zambo ce: Inna ta so aikin nan. Ta so shi ƙwarai. Gwiwoyinta sun gaji da taka feda, kuma ta daɗe tana son ta bar wa surukarta abin da ya fi wannan tsohon ƙarfe. Ta ce a ba ta kwana biyu. Kwana biyun nan surukar ta ce ba ta taɓa ganin ta tana ɓata ɗinki tana farkewa irin na lokacin ba. Duk sanda ta ɗaga kai, yadin matar bakanike yana saman kantar yana kallon ta.

Rana ta uku ta yafa mayafi ta tsallaka ofis.

"Malama, ki yi haƙuri, ba zan iya ba. In an sauya launi, duk kalmasar da na ɓoye wa mutane a rigunan 'ya'yansu ta tashi a banza. Haraji ta ƙofa, sabon kaya ta taga, an gudu ba a tsira ba. Waɗanda kike tsoron su tafi, wannan ne zai ƙarasa korar su."

"To ni in yi yaya? Ke za ki biya mini malamai?"

"Ban san wannan ba, wallahi. Abin da na sani yadi ne. Ki bar launin yadda yake. Waɗanda suka gama, ki roƙe su su bar tsofaffin kayansu, ni zan juya su kyauta ga duk wanda abin ya matse. Wataƙila ya riƙe miki wasu."

Mai makaranta ta ce tela ba ita kaɗai ba ce a duniya. Inna ta ce haka ne, ta yi sallama. Daga ranar gaisuwa ta yanke tsakaninsu, motar malama ta riƙa wucewa gilashi a rufe. Inna ta koma kan kekenta tana ganin ta yi biyu babu, ba aiki, ba kuma tabbacin ta ceci kowa. Ta ji ciwon abin, ba ta ɓoye ba.

Ba wanda ya san abin da ya juya zuciyar malamar. Wasu sun ce iyayen da suka riƙa zuwa karɓar takardar canjin makaranta ne suka tsorata ta, wasu sun ce dama can zuciyarta ba ta kwanta da dabarar ba. Abin da mai gadi ya shaida shi ne, ana saura 'yan makonni a koma, ta sa shi ya buɗe ɗakin ajiya ya kwaso buhunan kayan da ɗalibai suka bari shekara da shekaru, ya bi ta da su a baro har ƙofar shago.

"Ga su nan," in ji ta, ba ta ko zauna ba. "Ki juya. In makarantar ta rushe, a kanki."

"In ta rushe, kya zo in koya miki ɗinki," in ji Inna. Dariya ta ƙwace wa malamar, faɗa ya ƙare.

Wannan hutun shagon bai huta ba. Iyaye mata suka riƙa zuwa da reza suna taya farkewa, surukar tana wanki da guga, Inna tana kan keke daga safe har hasken rana ya gaza mata. Malamin gwamnati da bakanike suka ci gaba da gardamarsu a benci, sai dai yanzu kowanne da riga a cinya yana cire maɓalli. Harajin ya zo daga baya, bai kai yadda aka tsorata ba, bai kuma zo da sauƙi ba. Wasu gidajen duk da haka sun cire 'ya'yansu, Inna ba ta iya riƙe kowa ba. Amma ta aika aka kira matar bakanike, ta sauko mata da yadinta yadda ta kawo shi.

"Mayar wa mai kanti ya ba ki kuɗinki, ki haɗa a na zango. Ga kayan 'ya'yanki nan, na mutum biyu."

Matar ta durƙusa tana ta godiya. Inna ta ce ta tashi kada ta ɓata mata guga.

Inna, ke ce kika ga yadin mutum ɗaya kika ƙi sa masa almakashi. Ke ce aka miƙo wa abin da kike buri da hannu biyu, kika dube shi da kyau, kika mayar. Ba ki taɓa hawa mumbari kin yi magana a kan haraji ba, masu yi suna nan suna yi har gobe, kuma gardamarsu tana da amfani. Ke naki shi ne abin da ya faɗo kan teburinki. Uwar masu kalmasa, mai rufa asirin gwiwa da na aljihu, mun gode. Allah Ya ƙara wa idonki haske, Ya hutar da gwiwoyinki, Ya sa surukarki ta gaji hannunki da halinki.

Mu kuma da muka rage, kowa yana da nasa teburin, ko gareji ne, ko aji, ko ofis. Wata rana wani zai shigo da ƙunshin da bai kai ba, yana jin kunyar faɗa. Allah Ya sa mu lura kamar yadda ta lura.

Tagwayen bakanike suna ajin ƙarshe yanzu. Kullum tare suke tsallaka titi, su durƙusa su gaishe ta. Har yau ba su san an taɓa auna raba su ba. Kwanan baya na zauna a bencin, son jin gulma ya ci ni, na ce, "Inna, tsakani da Allah, wacce ce a cikinsu aka so a cire?"

Ta bi su da kallo har suka shige ƙofar makaranta, kafaɗa da kafaɗa.

"Ka ga idon nan ya tsufa," in ji ta. "Ni yanzu ko bambanta su ba na iya yi."