Baba a Bencin Baya

Yau Ista, majami'armu ta Garwa ta cika maƙil, na yi ta guɗa har muryata ta dushe! Ina hango bencin baya, inda ake zaunar da waɗanda ikkilisiya ta sa a horo, sai marigayi Baba, dattijon ikkilisiyarmu, ya faɗo mini a rai.

Shekarar da aka hori Inna Marta saboda dafa giyar bilbil, ta ce daga ranar Lahadin nan ta bar sujada. Sai Baba ya tashi daga kujerarsa ta gaba, sandarsa na ƙwas-ƙwas, rigarsa na ƙamshin hayaƙin itace, ya nufi wurinta a bencin baya.

Fasto ya ce, "Baba, wurin masu zunubi ne fa."

Baba ya yi dariya. "To, ai na iso gida! Ɗana, manzanni da bakinsu suka faɗi yadda suka gudu suka bar Ubangiji. Mai shirya ƙarya ba ya tona asirin kansa, shi ya sa na gaskata su. Marta, matsa mini."

Ta matsa, tana kuka tana dariya. Ba ta ƙara fashin sujada ba.

Allah ya ba Baba hutawa, ya ba mu zuciya irin tasa.