Allurar Guduma

Ba wanda ya riƙe sunansa na yanka a layin. Guduma kowa yake ce masa, kuma ba don zolaya aka laƙaba masa ba. Shekara ashirin da biyu ya yi yana dako a tashar manyan motoci, da wuya mako ya wuce bai fitar wa wani jini ba. Ba ya zagi, ba ya ja-in-ja. Kana tsakiyar magana sai dai ka farka ana yayyafa maka ruwa. Ya karya wa mai gadin tasha haƙarƙari kan wurin ajiye amalanke, ya tsoma kan wani kwandasta cikin duron baƙin mai har sai da ƙafafunsa suka daina shure-shure. A gida ma hannun bai san hutu ba. Matarsa ta koma ga Allah kunnenta na hagu ba ya ji, kuma kowa ya san dalili. Ba sai an wanke shi ba, mugu ne, kuma ya daɗe yana tsula tsiyarsa.

Abin da ya kai shi gidan yari naushi ɗaya ne. Wani abokin dakonsa ya taka masa ƙafa, ya juyo ya sauke masa hannu, idon mutumin ya fashe nan take. Alƙali ya ba shi shekara shida.

A can aka haɗa shi ɗaki da wani tsohon tela mai yi wa fursunoni facin riguna. Ba a barin almakashi a ɗakin kwana, don haka tsohon yana da dabararsa: ya ciji bakin ƙyalle da haƙori, ya duba inda zare ya miƙe, ya fizge. Ƙyallen ya rabu sambal kamar an ja masa layi. Ranar da Guduma ya naushi bango har fatar yatsunsa ta saɓule, tsohon ya jefo masa tsumman wando.

"Ɗana, na ga hannunka yaga yake so. To ga abin yagawa, shi ba ya kai ƙara."

Guduma ya yaga. Ƙarar ta shiga masa har ƙirji, ya ji wani abu ya sauka. Ya yi ta yagawa har wandon ya ƙare, sai tsohon ya miƙo masa allura ya ce to yanzu a mayar. Allura goma sha ɗaya ya karya a watan farko, don yatsun nasa kowanne ya kai kaurin ƙotar fartanya. Amma kafin ya fito, ɗinkinsa ya yi ƙanƙanta har sai ka kanne ido kafin ka ga zaren.

Ranar da aka sake shi, a cikin 'ya'yansa huɗu Auta kaɗai ta zo. Ma'aikaciyar jinya ce, da fararen kayanta ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta rungume shi ba.

"Baba, na haihu kana ciki. Mace ce, shekararta huɗu, da fuskar Mama ta zo. Ba za ka gan ta ba sai ka cika shekara guda ba ka ɗaga wa kowa hannu ba. Ko kaza ka mara, zan ji. In kuwa na ji, ka ɗauka ba ka haife ni ba."

Ya dubi ƙasa ya ce ya ji. Tun da yake, ba a taɓa gindaya masa sharaɗi ya ce ya ji ba, kuma ranar ya san tsoro.

Ya kama ɗaki ɗaya a ƙarshen layin, ya sami aikin ɗaukar bulo da safe. Da rana sai ya shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, ya jawo gwangwanin allura da buhun ƙyallaye. Telan da ke tsallaken titi ne yake tara masa ragowar yadi a buhu, duk Asabar ya je ya ɗauko. Bargo yake haɗa wa jikar da bai taɓa gani ba: ƙyalle ɗaya kamar faɗin tafin hannunsa a kowace rana da ta wuce lafiya. Yanzu ba mai hana shi almakashi, amma ko kallonsa ba ya yi, da haƙori yake cizawa ya fizge. Mai shagon kusa da shi yakan leƙo, daga nesa dai, ya ce, "Guduma, yaushe za a yi wa wandona faci?" Shi kuwa ya yi murmushi da zare a baki. Ran da wani ɗan acaɓa ya watsa masa ruwan kwata ya kuma zage shi, gida ya dawo ya yayyaga rabin buhu kafin numfashinsa ya daidaita.

Saura 'yan makonni shekara ta cika aka yi kuskuren. Wani direban tirela ya kai wa telan zanen mahaifiyarsa marigayiya, shuɗi mai ɗigon fari, shi kaɗai ya rage masa na tunawa da ita, ya ce a ɗinka wa 'yarsa riga. Tela ya yanka, ya naɗe, ya aje a kan buhun ƙyallaye don zai fita. Guduma ya zo ya tusa komai ciki ya saɓa. A wurinsa duk abin da ke bakin buhun nan nasa ne. Shuɗin ya yi masa kyau, ya yayyaga shi, ya jera a gefen bargon kwana bayan kwana. Saura kwana goma sha ɗaya shekara ta cika direba ya dawo daga tafiya ya shaƙe tela, tela ya ga mutuwa ido da ido, sai ya nuna tsallaken titi ya ce wancan tsohon fursunan ne ya sace.

Ba mai zuwa wa Guduma shi kaɗai. Direba ya taho da ƙannensa biyu, shi riƙe da ƙarfen kwance taya. Rana tsaka, bargon na shimfiɗe a cinyar Guduma, shuɗin nan yana ta walƙiya.

"Kai, ɓarawo! Zanen uwata ka mayar tsumma?"

Guduma ya dubi ƙyallen, ya dubi mutumin, ya gane. "Ɗan'uwa, wallahi a buhu na..."

Takalmi ne ya katse shi, a baki. Haƙoransa biyu na gaba, waɗanda yake cizon yadi da su, suka zubo kan tabarma. Ya miƙe tsaye, kuma da ya miƙe duk ukun sai da suka ja baya, don har yanzu ƙato ne. Ya ji tsohon zafin nan ya taso daga cikinsa ya gangaro kafaɗa ya cika masa hannu. Ya ga inda zai sa wa direba naushi, ƙasan kunne, ya san mutumin ba zai ƙara tashi ba. Sai ya dunƙule hannayen biyu, ya tura su cikin hammatarsa, ya matse, ya durƙusa.

Suka rufe shi. Ƙarfen ya sauka a gadon bayansa sau uku, na huɗu a haƙarƙari, ya ji ƙashi ya ba da ƙara. Ƙaramin ƙanen ya naushe shi a ƙeya da iya ƙarfinsa, sai yaron ya kurma ihu, nasa yatsun ne suka karye. Suka ja shi ƙasa har bakin kwata, suna shuri, direba yana dukansa yana kuka yana kiran uwarsa. Mutanen layi suka yi cirko-cirko. Da yawansu sun daɗe suna jiran ranar da za su ga Guduma a ƙasa, ba wanda ya ce a bari. Da suka gaji, direba ya taka bargon ya ja, ɗinkin bai saki ba, sai ya sa wuƙa ya farke gefen shuɗin ya rungume ya tafi.

Mai shago ne ya buga wa Auta waya, kuma abin da ya faɗa mata shi ne, "Zo, babanki ana faɗa da shi, har an karya wa wani hannu." Ta ɗauko 'yarta daga makaranta ke nan, ba inda za ta aje ta, dole ta taho da ita. Ta tsayar da yarinyar a bakin shago, ta ratsa mutane fuskarta a murtuke.

Yana jingine da bango, ido ɗaya a rufe, jini ya jiƙe masa gemu da gaban riga. Har yanzu hannayen na cikin hammata.

"Kwana goma sha ɗaya, Baba. Goma sha ɗaya kacal suka gagare ka."

Ya so ya yi magana, bakin ya ƙi. Sai ya girgiza kai.

"Kawo hannunka."

Ta fizgo su da ƙarfi, ta juya bayansu tana duba gaɓoɓin yatsu ɗaya bayan ɗaya, yadda take duba masu faɗa in an kawo su asibiti. Ba ƙwarzane, ba kumburi. Duk jikinsa ya farfashe, nan kaɗai ne lafiya lau. Ta tsaya cak. Sai ta ga jini yana ɗiga daga cikin dunƙulen hannun dama.

"Buɗe."

Ya kasa. Ta ɓamɓare yatsun da kanta. Allurar da yake ɗinki da ita ce, ya dunƙule da ita, ta nutse cikin tsokar tafin har sai kunnenta kaɗai ake gani, da guntun zare yana lilo. Ta naɗa zaren a yatsa ta zare ta a hankali. Bai motsa ba. Ta ciro gyalenta ta goge masa fuska iya yadda zai gogu, ta rufe masa gaban rigar da abin da ya saura na bargon. Sannan ta juya wajen shago.

"Ke, taho nan. Zo ki gaida kakanki."