Ranar da Malam Abdulbaƙi Ya Taƙaita Magana

Duk mai sauri a Ƙofar Kuyambana ba ya bi ta gaban shagon Malam Abdulbaƙi, zagayawa yake yi ta bayan masallaci. Ba faɗa gare shi ba, kirkinsa ma har ya yi yawa. Gaisuwarsa ce ba ta da ƙarshe. Zai tambayi lafiyarka, da ta iyali, da ta mahaifiya, da labarin akuyar da ka sayar bara, allurarsa kuwa tana shiga tana fita a wuyan babbar riga ko kallonta ba ya yi. Ni Rilwanu da nake wankin hula a shagon da ke jikin nasa ba ni da hanyar zagayawa, shi ya sa na fi kowa saninsa.

Gidan malamai aka haife shi. Yayyensa duk sun yi boko, wani alƙali, wani ma'aikacin sakatariya. Shi ya bi kawunsa ya koyi ɗinkin hannu, kuma a ganina sana'ar ce ta sakar masa baki. Riga ɗaya tana cin watanni mutum yana zaune wuri guda, to me zai yi in ba hira ba? Ɗan Turancin da yake ji tsintarsa ya yi a bakin malaman jami'a masu kawo masa aiki. Wanda ya fi ƙauna shi ne "in shot", wato a taƙaice. Ya san ma'anarsa sarai. Amma in ka ji ya ce "in shot", nemi wurin zama, yanzu aka fara.

Ana nan sai autarsa Radiya ta nemi gurbi a wata makarantar koyon ungozoma a Jos. Shugabar makarantar, wata 'yar kudu da ba ta jin Hausa, za ta zo Wusasa tantance 'yan mata, kuma ta kafa sharaɗi: sai uba ya zo ya faɗa da bakinsa cewa ya yarda, don an sha janye mata ɗalibai ana tsakiyar karatu. Wadda aka ɗauka, a ranar motar makaranta za ta wuce da ita. Radiya ta ji a bakin wata ƙawarta cewa duk uban da ya tsaya kewaye-kewaye, matar ɗauka take ba ya so, sai ta tsallake 'yarsa. Mu kuwa a Birni kewaye-kewayen nan shi ne girmamawa, ba a tarar baƙo da buƙata kai tsaye.

Yarinyar ta zo shago hankalinta a tashe, ta durƙusa gefen tabarma.

"Baba, don girman Allah, abu uku ne kawai. Ka ce 'in shot'. Ka ce 'ai sapot ha', wato na goya mata baya. In ta tambayi yaushe zan fara, ka ce 'kwik kwik', maza-maza ke nan. Sai ka yi shiru."

"Babu gaisuwa? Baiwar Allah ta taso tun daga Jos, in ƙi tambayarta gajiyar hanya?"

"In ta sa hannu ka tambaye ta har magariba."

Ni aka naɗa shugabar makaranta don gwaji. Nakan zauna kan benci in ɗaure fuska, shi kuma ya gyara murya ya ce "in shot", daga nan ya zarce labarin ranar da aka haifi Radiya ana ruwan sama. Radiya ta dafe kai, ni kuma in yi ta dariya har dutsen gugar hula ya kusa ƙona ni. Gaskiya ban sa rai zai iya ba, kuma na ji tausayin yarinyar.

Ranar tantancewa muka hau keke-napep mu uku zuwa Wusasa. Dattijon da ke gabanmu a layi ya fara da gaisuwa, tafinta yana fassarawa, matar tana duba agogo. Da aka zo kanmu Malam Abdulbaƙi ya gyara hannun riga ya buɗe baki. Wallahi na ga gaisuwar ta taho masa har maƙogwaro. Ya waiwaya ya dubi Radiya, wadda ta ƙanƙame jakarta, ya haɗiye.

"In shot," ya ce, "ai sapot ha."

Matar ta ɗago kai tana murmushi. Ta yi tambaya, tafinta ya ce tana son ta ji yaushe yarinyar za ta iya farawa.

"Kwik kwik!"

Da ƙarfi ya faɗa, har na ƙarshen layi suka ji, ɗakin ya ɗauki dariya. Matar ta sa hannu. Radiya ta rufe fuska da mayafi tana kukan murna, ni ma sai da na share ido.

Daga nan komai gudu-gudu ya koma. Direba yana ta danna oda, ana cusa jakunkuna. Malam Abdulbaƙi ya tanadi nasiha mai tsawo, amma abin da ya samu ya faɗa ta taga shi ne "Allah ya tsare, Allah ya yi miki albarka," motar ta tashi.

A hanyar komawa ya cika mai keke da labari, duk wanda ya hango ya sani sai ya leƙo kai ya ce an ɗauki Radiya. Muna dab da ƙofar gari ya yi tsit. Na zungure shi na ce yau dai Malam ya yi Turanci, sai a riƙa aikensa ofis.

Ya yi dariya, sannan ya goge ido da hannun riga.

"Rilwanu, na ji daɗi ƙwarai. Amma da na san haka gajeriyar magana take saurin raba mutum da 'yarsa, da na ɗan ja ta kaɗan."