Daren da na kashe mota a Tenere

Ku da kuke tuƙi da na'urar nuna hanya a gabanku, bari in ba ku labarin daren da har yau bai fita raina ba. Cikin Nuwamba ne na 1999, ina jan kamiyo, babbar motar kaya, daga Agadas zuwa Dirku da fasinja sama da arba'in. A lokacin ba a shiga hamadar Tenere sai da jagora, mutumin da ke zama gefen mai tuƙi yana karanta hanya da taurari. Namu Baba Agali ne, tsoho marar yawan magana.

Tanon ruwanmu ɗaya, babbar ganga, ya tsage, saura bido biyu, wato jarkoki. Baba ya ce dole mu kwana muna tafiya, mu kai rijiya kafin rana ta ɗaga.

Wajen ƙarfe uku sama ta fara zuba. Taurari, ba ɗaya ba, ba goma ba, ta ko'ina, wasu kore, wasu na barin layin haske a baya. Fasinja suka ɗauki salati. Ni da nake cika baki a tasha cewa ba abin da ke ba ni tsoro, na kashe mota na sauka. Na ce in tashin duniya ne, a ƙasa zai same ni, goshina cikin rairayi.

Wani malamin lakkol, wato makarantar boko, da ake kira Mushe Isufu, ya biyo ni.

"Malam Sani, ba taurari ba ne. Akwai wata tauraruwa mai wutsiya da ke zagayo rana duk shekara talatin da uku. Bara ta wuce, ta bar ƙura a hanyarta. Duniyarmu ce ta ratsa ƙurar, take ƙonewa a sama."

Na ce, "Mushe, ƙura ce wannan?"

Baba Agali ko saukowa bai yi ba. Ya leƙo ta taga ya nuna arewa.

"Na duba taurarina duka, ba wanda ya faɗi. Ga na kafaɗar hagu can inda na bar shi. Tashi, ɗana, ruwa ba ya jiranmu."

Na tashi. Na yi tuƙi hawaye na zuba, don ban taɓa ganin ikon Allah a fili haka ba. Muka kai rijiya da hantsi, bido na ƙarshe ya kusa ƙarewa.

Abin da na koya, in rayuka na bayanka, ba ka da izinin tsayawa kallo, ko na tsoro ko na mamaki.

A bakin rijiyar Baba ya sa Mushe ya maimaita masa shekarun da tauraruwar ke yi kafin ta dawo. Sannan ya dube ni.

"Ni ba zan kai ba. Kai in ka kai, ka kalla mini, amma kada ka kashe mota."

Bai kai ba, Allah ya jiƙansa. Yanzu saura 'yan shekaru ta dawo, ni kuma ina roƙon Allah ya bar mini idanuna.