Mai Tsintar Allura a Iska

Mai shara ta tsaya a ƙofar ɗakin gashin ƙashi tana kallon wani dattijo. An ɗaura masa ƙaton tabarau mai nuna masa teburin da babu shi, cike da allurai. Hannunsa da ya shanye yana karkarwa, kuma sai ya ɗauki guda za a sallame shi.

"Baba, nuna ta da hasken, ka danna," in ji likita.

"'Yata, ba a nuna allura. Tsintarta ake yi."

Ya lashi yatsa, ya lalubi iska, ya tsuke. Karkarwar ta tsaya cak. Wannan tela ne, mai shara ta raya a ranta. Ga shi kuwa yana soke allurar da babu ita a ƙirjin rigarsa, kada wani ya taka.